Kamfanin Microsoft da Kwamfutar Allo: Yadda Na Gaba Ya Koma Baya

A shekarun farko na wannan ƙarni, duk ofishin da mutum ya shiga, a Amurka ne ko a Ingila ko a nan ƙasarmu, in ya duba kwamfutocin da ke bisa tebur sai ya tarar fiye da 90 cikin 100 manhajar Windows ce ke tafiyar da su. Mai Windows kuwa shi ne kamfanin Microsoft, wanda Bill Gates da Paul Allen suka kafa a 1975, mazauninsa kuma yana garin Redmond a jihar Washinton ta Amurka. Kamfani mai irin wannan ƙarfi da dukiya da ƙwararrun ma'aikata, sai a zaci duk wata sabuwar irin kwamfuta da ta fito a hannunsa za ta faɗa. Amma da kasuwar kwamfutar allo ta buɗe a 2010, waɗansu ne suka ci ta, shi kuwa ya yi shekaru yana ɓarin kuɗi bai sami gindin zama ba. Abin da ya ƙara wa al'amarin ban mamaki shi ne ba makara ya yi ba, gama ya riga kamfanin Apple fitar da irin wannan kwamfuta da fiye da shekara 7. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa abin da ya kayar da shi a nan, shi ne abin da ya ɗaukaka shi a bisa tebur.

Tilas mu daidaita sunaye tukuna. Kwamfutar tebur da ta cinya kowa ya san su. Ta uku, wadda muke magana a kanta, shimfiɗaɗɗiya ce, gilashi ne fuskarta duka, ana riƙe ta a hannu ana taɓa gilashin da yatsa ko da alƙalami. A kasuwa za a ji ana ce mata tabulet, amma wannan suna yana rikicewa da ƙwayar magani, saboda haka na zaɓi in kira ta kwamfutar allo, ko allo kawai. Ban ƙago wani abu ba: sunayen da Turawa suka ba ta ma ma'anarsu ta asali ita ce shimfiɗaɗɗen abin da ake rubutu a kai, kuma duk wanda ya ga yadda ake rungume ta a damtse ya tuna da makarantar allo. Manhaja ita ce umurnin da aka tsara wa kwamfuta ta bi. Wadda ke riƙe da ragamar na'urar duka, irin su Windows, zan kira ta uwar manhaja. Sauran, irin na rubutu da lissafi da wasa, a kanta suke hawa. Linzami shi ne ɗan abin nan da ake turawa bisa tebur kibiya tana motsi a fuskar kwamfuta, madannai kuwa su ne haruffan da ake bugawa kamar na tafireta.

Inda arzikin ya fito

Ba za a gane wahalar Microsoft ba sai an gane cinikinsa. Tun daga 1981, sa'ad da kamfanin IBM ya ɗora kwamfutarsa ta tebur a kan uwar manhajar Microsoft, kamfanin nan bai zama maƙerin kwamfuta ba. Maƙera daban ne, irin su Dell da HP da Acer da Toshiba. Su ke sayen ƙarfe da gilashi, su haɗa, su yi dako, su yi gasa da juna a kan 'yar riba kaɗan. Microsoft kuwa yana karɓar kuɗin lasisi a kan kowace kwamfuta da ta fita da Windows. Sa'an nan ya sake sayar wa ofisoshi tarin manhajojin aiki da ake kira Office. A shekarar kuɗi ta 2012 ya sami dala biliyan 73.7, daga ciki sashen Windows ya kawo wajen biliyan 18, sashen da Office ke ciki kuma wajen biliyan 24. Watau fiye da rabin abin da ke shiga daga waɗannan shanun tatsa biyu yake fitowa.

Abin da ya riƙe wannan ciniki kuwa alkawari guda ne: manhajar da ka saya jiya za ta yi aiki a Windows ta gobe. Banki ko asibiti ko jami'a da suka kashe kuɗi aka tsara musu manhaja shekara 10 da suka wuce ba sa tsoron sayen sabuwar kwamfuta. Saboda mutane suna kan Windows, masu tsara manhaja suka taru a kanta. Saboda manhajoji suna kanta, mutane suka kasa barinta. Mai karatu ya riƙe wannan alkawari a ransa, domin shi za mu yi ta cin karo da shi har ƙarshe.

Allon farko

A Nuwamba 2000, a wani babban bajen kolin kwamfuta da ake yi a Las Vegas, Bill Gates ya nuna samfurin allo mai alƙalami. A bajen kolin 2001 har ya yi hasashen cewa cikin shekara 5 ita ce za ta fi kowace irin kwamfuta kasuwa a Amurka. A Nuwamba 2002 aka fara sayarwa, da wata Windows XP da aka ƙara wa sanin rubutun hannu, maƙera irin su Compaq da Fujitsu da Acer da Toshiba kuma suka ƙera na'urorin. Likitoci da masu zagayen inshora da waɗansu makarantu sun saya. Jama'a ba su saya ba.

Akan ce wai riga malam masallaci aka yi, zamanin ne bai zo ba. Da ƙamshin gaskiya a ciki, gama batir da gilashin wancan lokaci ba su kai na 2010 ba. Amma babban cikas a cikin shawarar kanta yake. An yanke cewa allon nan tilas ya zama cikakkiyar kwamfutar Windows, mai ɗaukar duk tsofaffin manhajoji. Daga wannan shawara guda sauran matsaloli suka biyo. Tsofaffin manhajoji suna bukatar ƙwaƙwalwa irin ta kamfanin Intel, wadda ke shan wuta da yawa, tana zafi, tana neman fanka. Saboda haka allon ya yi kauri, nauyinsa laba 3 zuwa 4, batirinsa 'yan sa'o'i ne, kuɗinsa kuwa wajen dala 2,000, ya fi na kwamfutar cinya irinsa tsada.

Har wa yau, manhajojin nan domin linzami aka zana su. Bakin kibiyar linzami ɗigo guda ne, yana iya sauka a kan maɓallin da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Kan yatsan mutum kuwa faɗinsa ya kusa santimita 1, kuma in ya sauka yana rufe abin da ake son taɓawa. Tun da ba a so a sake zana manhajojin, sai aka ba mutum alƙalami mai tsini ya maye gurbin linzami. Ga shi a tsaye, allo mai nauyi a hannun hagu, yana tsikarin ƙananan akwatuna da na dama. In alƙalamin ya ɓace, yawancin waɗannan alluna ba su jin yatsa ko kaɗan.

A cikin gida ma ba a haɗa kai ba. Dick Brass, wanda ya riƙe muƙamin mataimakin shugaba a kamfanin kuma yana cikin jagororin aikin allon, ya rubuta a jaridar New York Times a Fabrairu 2010 cewa shugaban sashen Office na lokacin bai yarda da allon ba, ya kuma ƙi gyara Office ta dace da alƙalami. Maganar mutum guda ce, kuma mai ƙorafi, sai a karɓe ta da lura. Amma abin da ya faru bayan wata biyu ya ƙarfafa ta. Wata ƙungiya a kamfanin tana ƙera wani allo mai fuska biyu da ke buɗewa kamar littafi, mai suna Courier, wanda ba a gina shi a kan cikakkiyar Windows da Office ba. A Afrilu 2010 aka soke shi.

Malaman kasuwanci sukan kawo bayanin Clayton Christensen na Jami'ar Harvard, wanda ya nuna a littafinsa na 1997 cewa manyan kamfanoni sukan faɗi ne don suna biye wa manyan masu sayen kayansu, suna raina sabon abu mai araha har ya girma ya cinye su. A ganina bayanin ya dace da rabin labarin nan ne kurum. Microsoft bai raina allo ba, shugabansa da kansa ne ya fi kowa ɗokinsa. Abin da ya kasa shi ne ya bar allo ya zama wani abu daban da Windows.

Watan da aka soke Courier, a cikinsa Apple ya fara sayar da iPad, ran 3 ga Afrilu 2010. Apple bai ɗauko uwar manhajar kwamfutarsa ta tebur ya matse ta ba. Ta wayar iPhone ya ɗauko, wadda tun 2007 domin yatsa aka yi ta, ya faɗaɗa. Ƙwaƙwalwar irin ta waya ce, ta tsarin ARM, ba ta zafi, ba ta son fanka. Nauyi giram 680, batir sa'a 10, kuɗi dala 499. Ba ta ɗaukar tsohuwar manhajar tebur ko guda, Apple kuwa bai damu ba, domin ba da wannan alkawari yake cin abinci ba, da ribar na'urar kanta yake ci. Cikin kwana 28 aka sayar da miliyan 1, kafin ƙarshen shekarar kuma kusan miliyan 15. A bayansa alluna masu Android suka cika kasuwa, ita kuwa Google ba ya karɓar kuɗin lasisi a kanta. A 2011 Amazon ya fitar da Kindle Fire a kan dala 199. Maƙerin da zai sayar da allo a wannan farashi ba shi da rarar da zai biya lasisin Windows. A shekarar nan ta 2011 ne kuma cinikin kwamfutar tebur da ta cinya ya kai ƙololuwa, wajen miliyan 365 a duniya, daga nan ya yi shekaru yana raguwa.

Taura biyu

Amsar Microsoft ta zo ran 26 ga Oktoba 2012, kuma a nan ya kamata mu daɗe. Windows 8 fuska biyu aka yi mata. Ta farko sabuwa ce, manyan akwatuna masu launi da yatsa zai taɓa ba kuskure. Ta biyu tsohuwar fuskar tebur ce, tana ɓoye a bayan ta farko. Dabarar ita ce, tun da ana sayar da ɗaruruwan miliyoyin kwamfutoci masu Windows kowace shekara, in aka tilasta wa dukansu sabuwar fuskar, masu tsara manhaja za su ga kasuwa mai faɗi su zo su cika sabon kantin manhajoji, allunan Windows kuma su amfana. Watau an so a yi amfani da ƙarfin tebur a ɗaga allo. Don kada mutane su kauce wa sabuwar fuskar, sai aka cire maɓallin farawa da ke kusurwar hagu ta ƙasa, wanda tun Windows 95 kowa da shi ya saba.

Taura biyu ba ta taunuwa. Akawu mai linzami da madannai ya kunna kwamfutarsa ya tarar da fuskar da aka yi domin yatsa, alhali gilashinsa ba ya jin taɓi. Mai allo kuwa, da zarar ya buɗe Office ko ya nemi gyara wani saiti mai zurfi, sai a jefa shi tsohuwar fuska mai ƙananan maɓallai. Malamin da ya taɓa koyar da aji guda mai ɗalibai na shekarar farko da na shekarar ƙarshe a haɗe ya san yadda irin wannan darasi yake ƙarewa. Ofisoshi da yawa suka ƙi motsawa daga Windows 7. Steven Sinofsky, shugaban sashen Windows, ya bar kamfanin a Nuwamba 2012, ba a yi mako 3 da fitar da ita ba.

A rana guda da Windows 8 kamfanin ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya fitar da kwamfuta ƙirar kansa, allon Surface. Iri biyu ne, kuma rabuwarsu ita ce hoton matsalar duka. Na farko, Surface RT, ƙwaƙwalwar ARM gare shi, siriri ne, batirinsa yana daɗewa, dala 499 kamar iPad, amma ban da murfin madannai, wanda sai an ƙara kuɗi. Uwar manhajarsa Windows RT ce. Sunanta Windows, kamanninta na Windows, har tsohuwar fuskar tebur tana ciki, amma ban da Office da aka saka mata tun daga masana'anta, ba ta ɗaukar tsofaffin manhajoji. An karya alkawarin da ya ba sunan daraja, an kuma riƙe sunan. Mai saye ya kai gida ya nemi ya saka manhajar da ya saba, abu ya ƙi. Jemage ke nan, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Nauyin gado ma bai bar shi ba: a samfuri mai ma'ajiyar gigabait 32, wajen rabi Windows da Office sun cinye tun ba a kunna ba. Na biyu, Surface Pro, ya fito a Fabrairu 2013 da ƙwaƙwalwar Intel. Shi ya cika alkawarin, yana ɗaukar komai, amma dala 899, ga fanka, ga kauri, ga batirin da ba ya kai rabin na iPad. Ciwon 2002 ne ya dawo da sabuwar riga.

Kantin manhajoji bai cika yadda aka zata ba. A Yuli 2013 ya kai manhaja 100,000, alhali wata guda kafin nan Apple ya ba da sanarwar cewa waɗanda aka tsara musamman domin iPad sun kai 375,000. Zagayen nan da ya gina Windows, mutane suna jawo manhajoji, manhajoji suna jawo mutane, yanzu ga wani yake aiki. Maƙera kuma ransu ya ɓaci, don mai sayar musu da lasisi ya kafa rumfa kusa da tasu. Shugaban Acer, J. T. Wang, ya fito fili a Agusta 2012 ya ce Microsoft ya sake tunani. Samsung ya ƙi sayar da allonsa mai Windows RT a Amurka, Asus ya daina ƙera nasa a 2013, har aka wayi gari ba mai riƙe da RT sai Microsoft da Nokia.

A Yuli 2013 kamfanin ya rage dala 150 daga farashin Surface RT, ya kuma rubuta asarar dala miliyan 900 a kan waɗanda suka yi kwantai. Dukan cinikin Surface na shekarar kuɗin nan dala miliyan 853 ne, bai kai asarar ba. Wata guda bayan haka Steve Ballmer, wanda ya shugabanci kamfanin tun 2000, ya ba da sanarwar zai sauka.

Ga wani ɗan abin lura ga masu nazarin harshe. A 2013 Microsoft ya ƙulla yarjejeniya da hukumar ƙwallon Amurka ta NFL, wadda aka ba da labarin ta kai dala miliyan 400, don a riƙa ganin Surface a hannun masu koyar da 'yan wasa a bakin fili. Da aka fara a kakar 2014, sai masu sharhi a talabijin suka yi ta kiransu iPad. Haka mu ma muke kiran kowane garin sabulu omo, kowane ɗanɗanon miya magi. In sunan haja ya zama sunan jinsi, mai bi baya talla yake yi wa na gaba da kuɗinsa.

Sulhu

Satya Nadella ya hau shugabanci a Fabrairu 2014. A ƙarshen Maris na shekarar aka fitar da Office domin iPad, an zana ta domin yatsa sosai, tun allunan Windows ba su sami irinta ba. Da can an tsare Office a gida don ta zama dalilin sayen allon Windows. Yanzu an yarda ta bi mutane duk inda suke, a karɓi kuɗin haya na wata ko na shekara. A Afrilu aka yafe wa maƙera kuɗin lasisin Windows a kan na'urorin da fuskarsu ba ta kai inci 9 ba. Aka kuma soke wani ƙaramin Surface da aka riga aka shirya fitarwa. Windows RT ta mutu a 2015, Windows 10 kuma ta mayar wa mutanen tebur jerin farawarsu a Yuli na shekarar.

Abin da ya rayu shi ne Surface Pro 3 na Mayu 2014, mai fuska inci 12, da madannai masu cirewa, da alƙalami. Tallarsa ma da kwamfutar cinya ta gwada shi, ba da iPad ba. A wannan fage ya yi kasuwa, har a Nuwamba 2015 Apple ya fitar da iPad Pro da madannai da alƙalami irin nasa, abin da ya nuna tunanin Gates na 2000 ba duka ne kuskure ba. A shekarar kuɗi ta 2021 cinikin Surface ya wuce dala biliyan 6. Amma a auna: na iPad a shekarar ya kusa biliyan 32, kuma cikin na Surface har da kwamfutocin cinya na sosai. Masu cewa Microsoft ya farfaɗo a kasuwar allo, a ganina, suna kiran komawa gida nasara ne. Ya sayar da kyakkyawar kwamfutar aiki ga mutanen da dama nasa ne. Allon da yaro ke kallo, da wanda ake karatu da shi a kishingiɗe, da mai arahar da ake raba wa ɗalibai, waɗannan sun tafi ga Apple da maƙeran Android. A ƙididdigar kamfanin IDC ta 2023 da ta 2024 Apple ne na ɗaya, Samsung na biyu, Microsoft kuwa ba ya cikin biyar na farko.

Bai daina gwadawa ba. A Oktoba 2019 ya nuna Surface Neo, allo mai fuska biyu da ya tuna wa mutane Courier, tare da wata sassauƙar Windows da aka kira 10X. Ba a sayar da allon ba, manhajar kuma aka soke ta a Mayu 2021. A 2024 ya sake fitar da Surface Pro mai ƙwaƙwalwar ARM, ƙirar kamfanin Qualcomm. Wannan karon bai yarda ya karya alkawarin ba: ya saka wata manhaja mai suna Prism a tsakani, aikinta na tafinta, tana juya umurnin tsofaffin manhajojin da aka rubuta domin Intel zuwa harshen da ƙwaƙwalwar ARM ke ji, a daidai lokacin da suke aiki.